Sojan Da Ba Ya Jin Sara

Sa'ad da sinima ta fara zuwa Kano, dodon bango mutanen birni su ke ce da ita, don suna ganin mutane na motsi a jikin bango, ba jini ba tsoka. Gidan sinima na farko, watau Rex, a bayan ganuwa aka gina shi cikin 1937. Cikin 1951 gobara ta tashi a gidan El-Duniya ta ci mutum 331, jama'a da yawa suka ce ai ga abin da a ke gudu. Da aka buɗe gidan Palace a Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi, cikin 1952, har jifa aka yi, gama shi ne na farko da ya shigo cikin birni. An daɗe da mai da gidan nan asibiti, amma dodon bango bai fita birni ba. Ya bar bango ya koma akwatin talabijin, daga nan ya ƙanƙance ya shige wayar hannu, har ya zama a zaure ɗaya sai a iske samari biyar sun haɗa kai bisa waya guda suna kallon Turawa na dambe.

Tun da abin ya zama ɗan gida, ya kamata a riƙa auna shi kamar yadda a ke auna littafi. Duk wanda ya yi yaƙi da jahilci ya ci nasara ya san karatu ya wuce haɗa baƙi da wasali, sai an gane abin da mai rubutu ya ke nufi. To, haka kallo ya ke. Hankali ke gani, ido gululu ne.

Wasan da za a auna a nan sunansa Universal Soldier: Regeneration, an fito da shi cikin 2009. Ma'anar sunan ita ce sojan da ya dace da ko wane fagen fama, an sabunta shi. Wasan faɗa ne, kuma galibin masu kallonsa don faɗan su ke zama. Amma wanda ya natsu zai ga akwai wata magana a ƙarƙashin naushin, watau mutumin da aka cire wa tsoro, aka cire masa tunani, aka hana shi ikon ya ce a'a, shin jarumi ya zama ko kuwa kayan aiki?

Asalin Labarin

Wannan wasa ci gaban wani ne, sabo da haka sai an waiwaya kaɗan. Cikin 1992 wani Bajamushe mai tsara wasannin sinima, Roland Emmerich, ya fito da kashi na farko. Manyan 'yan wasansa biyu ne, da Jean-Claude Van Damme, mutumin ƙasar Beljiyam, wanda samarin Kano su ke kira Bandam, da wani dogon mutumin Suwidin mai suna Dolph Lundgren. A cikin wasan sunan Bandam Luc Deveraux, ɗayan kuwa Saje Andrew Scott. Dukansu sojan Amurka ne a yaƙin Biyetnam cikin 1969. Yaƙi ya taɓa kan Saje Scott, ya shiga kashe mutanen ƙauye yana yanke kunnuwansu yana yin abin wuya da su. Luc ya ce ba za a yi haka a gabansa ba, suka harbe juna, suka mutu.

Hukumar soja ta sa gawarsu cikin ƙanƙara ta ɓoye. Bayan shekaru likitoci suka tashe su, suka ƙara musu ƙarfi. In an sare su raunin ya kan haɗe nan da nan, sai dai jikinsu ya kan yi zafi ƙwarai, dole a riƙa sanyaya su. Ana kuma yi musu wata allura mai shafe tunani, don kada su tuna ko su wane ne. Amma allurar ba ta ci duka ba. Scott ya tuna da yaƙinsa, Luc kuwa ya tuna da gida, ba abin da ya ke so sai ya koma gonar iyayensa.

Wasan ya kawo kuɗi, shi ya sa aka yi ta ƙara masa kashi. Cikin 1998 aka yi biyu don talabijin, ba Bandam ba Lundgren. Cikin 1999 Bandam ya komo a wani, inda kwamfuta ta yi wa masu ita tawaye, amma bai karɓu ba. Ci gaban wasa dai kamar ɗumamen tuwo ya ke, sau da yawa ya kan zo da tsami, amma in ya sami hannu ya kan fi tuwon daren daɗi. Wannan na 2009 ya sami hannu. John Hyams ne ya tsara shi, ubansa Peter Hyams, wanda ya tsufa cikin sana'ar, shi ya riƙe na'urar ɗaukar hoto. Suka yi kamar ba a taɓa yin na 1999 ba. Kuɗin da aka ba su kaɗan ne, a Amurka ma faifai aka buga aka sayar, ba a zaga da shi manyan gidajen sinima ba.

Labarin A Taƙaice

Waɗansu 'yan tawaye, shugabansu Kwamanda Topov, suka sace 'ya'yan Firayim Minista biyu, mace da namiji, suka kai su Carnobil. Carnobil wuri ne na gaske a ƙasar Yukren. Tashar lantarki ce mai aiki da ƙarfin nukiliya, wadda wani sashenta ya fashe ran 26 ga Afrilu, 1986, guba ta bi iska, har aka kwashe mutanen da ke zaune kewaye da ita na nisan kilomita 30. A cikin wasan, 'yan tawayen suka dasa bom a tashar, suka ce in ba a saki 'yan'uwansu da ke kurkuku cikin awa 72 ba, za su tashe ta, gubar da ta rage ta watsu cikin duniya.

Abin da ya ba su ƙarfin hali shi ne wani likita, Dakta Colin, ya sato sabon samfurin sojan nan ya kawo musu haya. Aka aiko da rundunar soja tare da huɗu daga cikin tsohon samfuri, sabon ya bi su ɗaya ɗaya ya karkashe. Da Firayim Minista ya ga haka sai ya yarda zai saki fursunoni, Topov ya tsai da bom. Amma sulhu bai yi wa likita daɗi ba, don in an daina faɗa kasuwarsa ta mutu. Sai ya buɗe wani akwati da ya ɓoye, ya fito da Andrew Scott, wanda ya sāke ginawa daga ƙwayar jikin na farko. Scott ya kashe Topov, sa'an nan ya juya ya kashe likitan kansa, ya mai da bom bisa aiki, ya shiga farautar yaran.

Duk wannan abu Luc yana can ƙasar Suwizalan, wata likita, Dakta Sandra Fleming, tana ƙoƙarin koya masa zama da mutane. Da al'amari ya ƙi, sai soja suka zo suka ɗauke shi da ƙarfi, suka ɗura masa allurai, suka rushe aikin da matar nan ta daɗe tana yi, suka sake shi cikin Carnobil. Ya kashe Scott, ya hallaka sabon samfurin da abin tayar da bom ɗin, yara suka tsira. Shi kuwa bai tsaya a gode masa ba, sai ya sheƙa da gudu, ba a nuna inda ya nufa ba. Daga ƙarshe sai aka nuna gawar wani kyaftin da ya mutu wajen ceton yaran, an kai ta Amurka an ajiye cikin sanyi, ga irinsa jere da yawa ana ginawa.

Inda Wasan Ya Yi Kyau

Abu na farko da mai kallo zai lura da shi shi ne wurin. A wata tsohuwar ma'aikatar ƙarfe ta ƙasar Bulgeriya aka ɗauki hoton, ba komi sai tsatsa da ɓaraguzai da tagogi marasa gilashi. Launin wasan duk toka-toka ne, kiɗan da ke biye da shi kuma kamar ƙugin inji ya ke daga nesa. Ba kore, ba kasuwa, ba hayaniyar yara. Mai tsara wasan ya mai da rashin kuɗinsa riba, gama kango ya dace da labarin mutanen da su ma kango ne, gini yana tsaye amma mai gida ya tashi.

Na biyu, faɗan. Wanda ya fito a sabon samfurin sojan, Andrei Arlovski, ɗan damben gaske ne daga ƙasar Belarus, ya taɓa riƙe kambun masu nauyi cikin 2005 a irin damben nan da a ke haɗa naushi da shuri da kokawa. A yawancin wasannin faɗa, dambe kamar rawa ya ke, a yi tsalle, a juya, a tsaya a yi kirari. A nan ba haka. Ya kan ka da mutum ya hau ruwan cikinsa ya yi ta naushi, har bayan mutumin ya daina motsi, fuskarsa kuwa ba fushi ba murna, kamar mai dakan sakwara. Da fari mai kallo ya kan yi sowa, amma kafin a gama sai ya ji sowar ta maƙale masa. Da hannunsa ya lalace wajen faɗa, sai aka kwantar da shi aka cire aka sa wani, kamar yadda bakanike ke sauya wa mota kayan da ya sayo a Ƙofar Ruwa. Wannan ɗan wuri ya faɗi abin da dogon jawabi ba zai faɗa ba.

Na uku, fuskar Bandam. Lokacin da aka yi wasan yana gab da shekara 50, ba a kuwa ɓoye tsufansa ba. Idanunsa sun faɗa, maganarsa ba ta da yawa, yana zaune kamar wanda ya yi doguwar jinya. An nuna shi a gidan abinci, ba wanda ya tsokane shi, ya tashi ya yi wa wani bawan Allah dukan kawo wuƙa, sa'an nan ya tsaya bai san dalilin da ya sa ya yi ba. Sabo da haka sa'ad da aka sake shi cikin Carnobil, na'urar hoto ta bi shi daga ɗaki zuwa ɗaki yana zubar da mutane, mai kallo yana cikin abu biyu. Yana so yara su tsira, amma ya san ko wane mutum da Luc ya kashe, ƙara nisa ya ke yi da gida.

Na huɗu kuwa, wanda ya fi duka, shi ne Scott. Likita yana da waɗansu tambayoyi da ya kan yi wa sojansa don ya gwada ko kansu na nan yadda ya saita shi, tambayoyi game da halin mutum da zaman duniya, amsarsu i ko a'a. Sabon samfuri ya kan amsa yadda a ke so. Scott kuwa sai ya riƙe tambayar ya shiga juya ta a ransa, kamar wanda aka ba goro ya ƙi taunawa yana dubawa. Daga nan likita ya rasa shi. Can kuma da ya rutsa yaran, ya gamu da Luc, sai ya tsaya yana laluben wata magana da ya ke so ya faɗa, ta ɓace masa, yana ji a jikinsa kamar sun taɓa yin wannan faɗa. Lundgren bai daɗe a cikin wasan ba, amma ɗan abin da ya yi ya isa. Mugu ne, ba shakka, duk da haka sai mutum ya ji tausayinsa, don an tashe shi daga mutuwa sau biyu, ba a taɓa tambayarsa ko yana so ba.

A Auna Shi Da Mudun Kano

Kada mai karatu ya zaci neman sojan da makami ba ya kama shi sabon abu ne na Turawa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, don ya ga an yi masa ɓarnar mutane a fagen fama. Ɗan lifida da dokinsa su kan shiga cikin ruwan kibau su fito. Amma lifidi riga ce. In an komo daga yaƙi sai a tuɓe a rataye, mutum ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. Abin da likitan wasan nan ya yi shi ne ya ɗinka lifidin a cikin tsoka, yadda ba shi tuɓuwa har abada.

Akwai kuma 'yan tauri, waɗanda kowa a birni ya san su. Su kan sha magani, in makaɗi ya taɓa takensu su tsuma su zare wuƙa su yi ta yankan jikinsu a gaban jama'a. Ko maganin na ci ko ba ya ci, wannan wata magana ce dabam. Abin lura shi ne ɗan tauri da ƙafarsa ya je neman magani, yana da suna, yana da kirari, yana da unguwa, in an tashi daga wasa ya koma sana'arsa. Sojan cikin wasan nan ko suna bai tsira da shi ba, lamba aka ba shi.

Waɗanda suka fi kusa da labarin su ne bayin sarki. Sarakunan da, a Kano da sauran ƙasashe, sun lura ɗan sarauta yana da dangi, yana kuma da kwaɗayin gadon sarauta, sabo da haka suka fi amincewa da bawa wanda ba shi da kowa sai ubangijinsa. Shi ya sa sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suka yi ƙarfi a gidan sarautar Kano, bindigogin sarki ma a hannun bayi su ke. Amma dabarar ba ta taɓa cika ba, domin bawa mutum ne. Ya kan yi aure, ya haifu, ya tara dukiya, ya yi ra'ayi. Da Basasa ta tashi cikin 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, bayin sarki da yawa suka zaɓi gefen da su ke so, zaɓin nasu kuwa ya yi nauyi. Ran 3 ga Fabrairu, 1903, da rundunar Kanar Morland ta auka wa Kano, Sarki Alu ba ya gari, waɗansu manyan bayi suka tsaya suka yi faɗa har suka mutu, ga kuwa ƙofar gudu a buɗe. Rundunar da ta ci su ma, Turawan cikinta ba su kai 50 ba, sauran fiye da 700 baƙar fata ne 'yan albashi, da yawansu Hausa su ke ji.

To, a nan ne ma'anar wasan ta fito sarai. Abin da likitoci da manyan soja na cikin labarin su ke nema shi ne bawan da ba ya aure, ba ya tuna garinsu, ba ya neman albashi, ba ya sauya gefe. Sun sami ƙarfi, amma sun zubar da jarumtaka a hanya. Wanda ya tsaya a ƙofar gari alhali yana jin tsoro, yana da 'ya'ya, yana kuma da hanyar gudu, shi a ke yi wa kirari. Wanda ba ya jin sara, tsayawarsa da ta turmi duk ɗaya ne. Mai tsara wasan ya gane wannan. Shi ya sa mutumin da ya fi kowa jarumtaka a cikin labarin shi ne kyaftin ɗin nan, Burke, mutum kamar kowa, wanda ya shiga shi kaɗai neman yara, ya tari abin da ya san ya fi ƙarfinsa, ya mutu. Ladan da hukuma ta ba shi kuwa shi ne ta mai da gawarsa iri.

Inda Wasan Ya Gaza

Ba a rasa nono a ruga, haka kuma ba a rasa aibi a aikin ɗan Adam. Na farko, 'yan tawayen nan ba a bayyana damuwarsu sosai ba. An ce suna neman 'yancin yankinsu, shi ke nan. Mai kallo bai san abin da aka yi musu ba, balle ya auna ko suna da gaskiya. An tara su ne kawai don a sami waɗanda za a harbe. Wasan da ke kukan an mai da mutane kayan aiki, bai kamata shi ma ya mai da nasa haka ba.

Yaran nan biyu ma haka. Domin su a ke duk wannan ɗauki ba daɗi, amma ba a ba su wani hali da za a tuna su da shi ba, sai gudu da ɓuya. Kamar ƙunshin kaya su ke da a ke miƙawa daga hannu zuwa hannu. Likitar nan mace, wadda ita kaɗai ta ɗauki Luc mutum, an ture ta gefe tun kafin a ga iyakar abin da za ta iya. Da an ƙara mata wuri, da zafin abin da aka yi wa Luc ya fi shiga rai.

Sa'an nan ya kamata mai karatu ya rarrabe tsakanin ilmi da tatsuniya. Ba likitan da ke tashin matacce. Gina dabba daga ƙwayar jikin wata kuwa an yi shi, gama cikin 1996 masana a ƙasar Sikotlan suka sami wata tunkiya ta haka, suka sa mata suna Dolly. Amma 'yar jaririya aka haife ta kamar ko wace tunkiya, ta girma a hankali, ta mutu cikin 2003. Irin wannan kwafi ba ya fitowa da gemunsa, ba ya kuma gadon tunanin na farko. Sabo da haka Scott mai tuna tsohon faɗa ƙagen mai labari ne. Ba laifi ba ne a yi ƙage, Gizo ma da Ƙoƙi ƙage ne, laifin shi ne a ɗauke shi gaskiya.

Aibin da ya fi girma shi ne jini. Ya yi yawa, wani wurin har ya wuce abin da labarin ke bukata. Yadda Luc ya kashe Scott, da bututun ƙarfe da bindiga, an tsara shi ne don a yi tafi. Mai wasan yana tsine wa kisa da baki ɗaya, yana tallarsa da ɗayan. Ƙarshen ma fuska biyu gare shi. Jeren sababbin sojan nan gargaɗi ne cewa abin ba ya ƙarewa, amma kuma ƙofa ce da aka bari a buɗe don a sāke cin kasuwa. An kuwa ci, gama cikin 2012 John Hyams ya fito da wani kashi, Day of Reckoning, inda aka dasa wa wani soja tunanin mata da 'ya waɗanda bai taɓa yi ba, don ya yi kisa da sunan ramuwa.

Abin Da Ya Shafi Birni

Tashin matattu tatsuniya ce, amma allurar nan tana da 'yar'uwa a duniyar gaske. Cikin 1940 hukumar sojan Jamus ta raba wa mayaƙanta wata ƙwaya mai suna Pervitin, wajen miliyan 35 cikin 'yan watanni, don su kwana da yawa ba barci ba tsoro. Sun yi tafiyar da ta ba duniya mamaki, amma da yawa daga cikinsu jikinsu da hankalinsu suka biya bashin daga baya.

Ba sai an je Jamus ba. Tun zamanin siyasar 1950 da 'yan kai a ke tara ƙarti a Kano don su tarwatsa taron abokan hamayya, abin kuwa bai mutu ba, sunansa kawai ya ke sauyawa. Mutanen birni sun san 'yan daba, sun san kuma yadda a kan yi kafin a tura su. A kan tara yara waɗanda ba karatu ba sana'a, a ba su 'yan kuɗi, a ba su ƙwaya, sai tsoro ya fita, kunya ta bi shi. Yaron da jiya ya ke durƙusa wa dattijon unguwa, yau ya zare masa wuƙa bai ko gane shi ba. Shan irin waɗannan abubuwa ya yi yawan da cikin 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. In an gama zaɓe, wanda ya tara su ya kan shige mota ya tafi, su kuwa waɗansu na kurkuku, waɗansu na asibiti, waɗansu na Ƙofar Mazugal a kwance. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani lokaci kuma abin da ya sami Dakta Colin shi ke samun mai gidan, yaran da ya saba wa da jini su juyo kansa, gama kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Saurayin da ke kallon wasan nan a zaure ya kan so ya zama Bandam. Ya kamata wani babba ya nuna masa cewa a cikin labarin duka ba wanda ya kai Luc hasara. Yana da ƙarfin mutum goma, amma ba shi da mata, ba ɗa, ba aboki, ba ya iya zama ya ci abinci cikin mutane lafiya. Ko takalmin da ya ke gudu da shi na hukuma ne.

Hukuncin wannan wasa dai shi ne, a cikin irinsa ya yi fice, ya fi wanda ya gabace shi nesa ba kusa ba, ta wajen natsuwa da zurfi har ya fi na farkon. Ba na yara ba ne, kuma mai raunin zuciya gara ya bar shi. Baligi mai hankali kuwa in ya kalla zai ƙaru, muddin ya ɗauke idonsa daga kan mai naushi lokaci lokaci, ya duba ko wane ne ke tsaye a baya riƙe da allura, da kuma abin da ya ke samu. Wanda ya koyi yin wannan tambaya a gaban dodon bango, zai iya yinta ran da aka zo unguwarsu da mota ana neman samari masu ƙarfi. Allah ya sa a gane.